Kafaɗar Baba Gangare

Moshi, ranar Litinin.

Zuwa ga uwargidana, Maman Aikande,

Gaisuwa mai tarin yawa, tare da fatan kina lafiya. Yaya jikin Mama? Yaya sanyin Rombo? Tunda waya ba ta kamawa a gidanku sai an hau bishiya, ki yi haƙuri da rubutun wanda ya tsaya a aji huɗu. Inda kika kasa karantawa, ki ɗauka yabonki nake yi.

Bayan gaisuwa, gida lafiya lau, sai dai ayabar da nake dafawa ko akuyarki ba ta ci. Ga labari: Malam Shayo, shugaban badujalar matasan majami'a, ya yarda zai gwada 'yarki a babbar ganga don faretin bikin girbi. Ta ce ta gaji da faranti, wato fayafayan ƙarfen nan biyu da take bugawa, ita ba ta shiga badujala don gwara murfin tukwane ba. Samarin ƙaho sai dariya suke, wai gangar ta fi ta girma. Tsakanina da ke, ta fi ta.

Ta zo ta ce, "Baba, ara mini maratayin gangarka." Na ce faufau. Kin san tsohon tamfol ɗin nan, ɗamara ɗaya a kafaɗar hagu. Da shi na yi shekara da shekaru ina rataye da ganga ina raka amaren garin nan, har kafaɗar ta sauka ta ƙi komawa, yara suka raɗa mini Baba Gangare. A miƙe kika aure ni, a karkace kike riƙe da ni. Ba zan bar wa yarinya wannan gadon ba.

Sai na tafi wajen 'yan gwanjo, na tarar da iri biyu. Ɗaya kamar falmaran, ya rufe ƙirji ruf. Mai kaya ya ce, "Tsoho, ɗauki wannan, ko soja ba shi da irinsa!" Na ce to ai 'yata ba soja ba ce. Don ƙirjin gardi aka yi shi, yarinya kuwa ta girma, ba sai na yi miki bayani ba. Na ɗauki ɗayan: ƙarafa biyu lanƙwasassu a kafaɗu, sanda ta sauko har ƙugu, ƙugiyoyi biyu su riƙe ganga. Nauyi ya rabu, ƙugu ma ya ɗauki rabonsa. Gobe zan ɗaure notunansa da kaina.

Ki gaida Mama. Ki sa rigar sanyi.

Naki har kullum,
Elinami, Baban Aikande.

Moshi, ranar Juma'a.

Maman Aikande,

Ina gaisuwa. Da fatan Mama ta fara cin abinci, ke ma kina samun barci.

Abin bai yi daɗi ba. Na ari gangar, na wuni a gaban madubin kabad ɗinki da sifana, ina sassautawa ina ɗaurewa, har ganga ta zauna daram. Kafin yarinya ta dawo daga makaranta na gama, na miƙa mata ina jiran godiya.

A filin atisaye kuwa, da aka ce a taka, kowa ya nufi gabas, 'yarki ta nufi arewa kamar za ta ƙetara Kenya. A hankali take zamewa hagu, har ta tura ɗan gidan Temba da ƙaton ƙahonsa cikin shingen fure. Wani ya ɗaga murya, "A kauce, Gangare ƙarama ta taho!" Har da ni aka yi dariyar, kin san halina. Sai da na ga fuskarta dariyar ta maƙale mini.

Malam Shayo ya ja ni gefe. Ya ce, "Dattijo, hannunta ya fi na kowa, bugunta ba ya gaba ba ya baya. Amma da bugun ganga kowa ke taka ƙafa, in ta karkace duk layi ya bi ta. Asabar ta sama zan sake dubawa. In ba ta miƙe ba, ta koma faranti."

Da yamma tana tuƙa tuwo na hango jan tabo a kafaɗarta ta hagu. Na ce mene ne, ta ce sauro. Maman Aikande, wane irin sauro ne yake da faɗin ƙarfe? Na ci tuwon nan ban san ɗanɗanonsa ba. Na saya mata abin da zai cece ta, ga shi yana cinta.

Ki aiko da shawara ta hannun direban motar Rombo.

Mijinki,
Elinami.

Moshi, ranar Lahadi.

Masoyiyata Maman Aikande,

Gaisuwa da godiya. Na ji daɗin jin Mama ta tashi har tana faɗa da kaji, alamar sauƙi ke nan.

Takardarki ta iso, layi ɗaya tak: "A jikin wa ka gwada shi?" Na karanta, na koma gaban madubi, na daɗe ina kallon mutumin da ke ciki. A kafaɗata na daidaita abin! Na saukar da ƙarfen hagu don ya dace da gangarena, na ɗora wa yarinya mai kafaɗu lafiyayyu.

Na tsayar da ita a tsakar gida, na kwance komai. Na daidaita ƙarafan a jikinta, na ɗaga sandar har ƙasanta ya zauna a ƙashin ƙugu, na saukar da ƙugiyoyin don ta hango hanya ta saman ganga, gula kuma ta faɗa tsakiyar fata ba tare da ta miƙa hannu ba. Inda ƙarfe ke cizo, na yanka tsohon tamfol ɗina na naɗe soso da shi. Ta ce, "Baba, ka yanka shi?" Na ce ya ci kafaɗa ɗaya a gidan nan, yanzu ya biya bashi... a'a, ya yi gadin biyu.

Na ce taka mu gani. Ganga a miƙe, yarinya a karkace! Na ce, "Ke, wa ya ce ki sauke kafaɗa?" Ta dube ni da mamaki ta ce, "Ba haka ake ɗaukar ganga ba? Ai tun ina ƙarama nake bin bayanka a bukukuwa, haka na ga kana yi."

Na shiga ɗaki wai neman sifana, alhali tana hannuna.

Mako guda muna atisaye a hanyar gonakin kofi, ita a gaba, ni a baya inda ba za ta gan ni ba, ina ihu, "Kada ki yi irin ta ubanki!" Maƙwabta sun ɗauka mun yi faɗa.

Jiya aka yi gwajin. Na laɓe bayan motar Fasto don kada idonta ya faɗo kaina. Ta ratsa filin nan sambal, ƙasa na amsa bugunta. Wanda ya yi mata ba'a ran nan har ya ɓata busa don kallo. Malam Shayo kuwa, faranti kawai ya ɗauka ya miƙa wa wani yaro.

A hanyar gida na riƙe mata maratayin. Can na lura tana tafe a gefena, kafaɗar hagu a ƙasa. Na buɗe baki zan yi faɗa, ta riga ni: "Baba, waccan ta filin Malam Shayo ce. Wannan tafiyar gidanmu ce."

Ki dawo kafin bikin, ki zo da mayafi babba. Ni dai sanyin safiya ne ke sa idona ruwa, kin sani.

Naki, a karkace amma naki,
Elinami, Baba Gangare.