Na ɗora wa mota laifi, matata ta ɗora wa kanta

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da duk masu karatu. Ina roƙon a sakaya sunana, kuma don Allah duk wanda zai yi magana ya daure ya karanta har ƙarshe kafin ya yanke mini hukunci. Ban zo a wanke ni ba. Duk zagin da za ku yi mini na riga ku yi wa kaina. Shawara nake nema.

Ni dillalin motoci ne a Doha, babban birnin Ƙatar. Da aikin gadi na shigo ƙasar nan, na koma direban wani gida, daga nan na fara haɗa mai saye da mai sayarwa, har Allah ya sa yau ni da kafil ɗina, wato ɗan ƙasar da ya tsaya mini a takardun zama, muna da filinmu na motocin hannu. Ban yi boko mai nisa ba, amma in aka tayar da mota a gabana, da kunne nake gaya maka ciwonta. 'Yan uwanmu Hausawa da ke nan, likita ne ko injiniya ko direba, da wuya mutum ya sayi mota bai kira ni ba. Balle haibrid, mai haɗa fetur da batir, wadda na sani kamar yunwar cikina. Ba alfahari nake ba. Na faɗa ne don ku gane dalilin da ya sa ranar da na yi ƙarya kowa ya karɓa ba musu.

Matata, Hajiya nake kiranta. Shekararmu goma sha huɗu da aure, 'ya'yanmu uku. Ita ce ta zauna da ni a ɗaki ɗaya a unguwar Asmakh, lokacin da na'urar sanyaya ɗaki ke ɗigo mana ruwa a kan katifa, ta tara roba tana dariya. Ba ta taɓa ce mini gwal ba, ba ta taɓa ce mini gida ba. Burinta ɗaya ne, kuma irin na yara: ta ga dusar ƙanƙara da idonta, ta taɓa da hannunta. Duk lokacin zafi in muka shiga mota ta yi kamar tanda, sai ta ce, "Alhaji, wai da gaske akwai garin da abin nan ke zubowa daga sama kamar audugar rimi?" Ni kuma in ce, "Akwai, kuma sai na kai ki." Lokacin sanyin da ya wuce na cika alkawari. Muka kai yara wajen ƙanwarta da ke aure a Rayyan, nan kusa da Doha, muka hau jirgi zuwa Jojiya, inda mutanen nan ke yawan zuwa hutu.

Washegarin saukarmu na je karɓar motar haya. Hajiya ta tsaya a waje tana ɗaukar hoton tsaunuka. Mai wurin wani dattijo ne, yana ɗan jin Larabci saboda yawan baƙin da yake samu daga nan. Na nuna wata farar haibrid na ce ita nake so. Ya tambaye ni ina za ni, na ce kan dutse. Sai ya girgiza kai. Ya ce wannan tayoyin rani ne a jikinta, ta yawon cikin gari ce. Ya ce ko in ɗauki waccan babbar mai tayoyin sanyi, ko ya sa mini sarƙar taya a but ya nuna mini yadda ake ɗaura ta, ko kuma ya haɗa ni da direbansa. Jama'a, shekara nawa na yi ina faɗa wa mutane irin wannan maganar? "Yallaɓai, ba wannan ce ta dace da kai ba, zo ka ga waccan." Na san yadda ake sassauta murya, na san yadda ake dafa kafaɗa. Da na dube shi, kaina na gani. Na yi dariya na ce, "Habibi, ni ma sana'ata ke nan. Khalas, magana ta ƙare, ba ni makulli." Ya ɗauko takarda ya ce in sa hannu cewa an ba ni na ƙi. Na sa. Da zan fita ya riƙe mini hannu, ya dubi Hajiya ta gilashi, ya ce, "Ba kai kaɗai ne a motar ba." Na zare hannuna.

Da na fito ta ce, "Me tsohon nan yake ta faɗa maka har da riƙe hannu?"

Na ce, "Ciniki, Hajiya. Dillali ne ya gamu da dillali."

Ta yi dariya ta shiga mota.

Da farko lafiya lau. Muna fara hawa sai ga abin yana zubowa, ta sauke gilashi ta miƙa hannu tana cewa, "Wallahi ba ta da nauyi! Alhaji duba, ba ta da nauyi!" Can da hawan ya yi tsanani sai tayoyin gaba suka fara juyawa a banza, wata fitila ruwan ɗorawa tana ta ƙiftawa a gabana, ina taka totur motar tana rage wa kanta ƙarfi. Motar ta san abin da take yi, ni ne ban sani ba. Na gangara gefe na tsaya. Me ya faɗo mini a rai? Rairayi. Sau nawa na shiga tuddan rairayin kudancin ƙasar nan na fita lafiya, har ina janyo 'ya'yan Larabawa da suka kafe? A rairayi abu biyu ake yi: ka rage wa taya iska, ka kashe maɓallin da ke hana taya zamewa. Na fita na durƙusa na rage wa tayoyi huɗun iska, na dawo na danna maɓallin da yatsana.

Hajiya ta ce, "Alhaji, ka ga motocin da ke wuce mu duk da sarƙa a ƙafarsu. Ko mu juya? Ai na gani, na taɓa, ya ishe ni."

Na ce, "Ban kawo ki daga Doha don ki gani a bakin titi ba. Wannan ai yashi ne, fari dai aka yi shi."

Da ƙyar muka kai sama, kuma ba zan ɓoye muku ba, awa ɗayan da muka yi a can ban taɓa ganin matata haka ba. Uwar 'ya'ya uku ta dunƙula ƙanƙara ta jefe ni a ƙeya, ta ruga tana faɗuwa tana tashi. Wannan ne gudun ƙarshe da na ga ta yi.

Bayan la'asar muka kamo gangara. Abin da ya narke da rana ya sake daskarewa, titin ya yi baƙi yana sheƙi kamar an watsa ruwa kawai. Ita kuma haibrid a gangara kashe injinta take yi ta koma batir, shiru kake ji kamar kana zaune a falo. Ni da na saba auna gudu da kunne, kunnen bai sami abin ji ba. Sai da kwana ta taso mini na gane ina gudu. Na ɗage ƙafa, motar ta riƙe kanta kamar yadda take yi in za ta cika batir, na ji gabanta ya saki titi. Na danna birki da ƙarfi, na fizgi sitiyari. Ta juya a gicciye tana sulalewa, kuma abin da aka sa mata don ya tallafe ta a irin wannan lokacin, ni na kashe shi tun a hawa. Ɓangaren Hajiya ne ya daki ƙarfen gefen titi. Ba ta yi ihu ba, salati kawai na ji. Ni ko ƙwarzane na kirki ban samu ba. Ita kuwa ta karye a ƙugu da gwiwar dama. An yi mata aiki a can, an sake yi a nan, an sa ƙarfe. Likitoci sun ce za ta ci gaba da tafiya da sanda, gwiwar kuma ba za ta ƙara lanƙwasuwa kamar da ba.

Da ta farfaɗo a asibiti ta ce, "Alhaji, me ya faru?" Wallahi ban shirya ba, maganar ta fito da kanta, sumul, kamar ina tsaye a filin motoci. Na ce, "Birki ne ya ɗauke. Kin san haibrid kwamfuta ce, sanyi ya rikita ta." Ta lumshe ido ta ce, "Allah ya ƙaddara." Dattijon nan mai haya ya zo duba ta da ledar lemo. Na tsaya ina jiran ya fito da takardar. Bai fito da ita ba, ya ajiye lemon ya dafa ƙirjinsa ya fita. Da ma ya zage ni.

Da muka dawo gidanmu a unguwar da ake kira Matar Ƙadim, 'yan dubiya suka yi ta zuwa, ni kuma na yi ta maimaita labarin birki har ya zauna mini a baki. Wa zai musa wa Alhaji a kan mota? Amma abin da ban lissafa ba shi ne, da na cire kaina daga laifin, Hajiya sai ta ɗauke shi ta aza wa kanta. Yanzu a kan kujerar roba take sallah, ba ta iya kai goshinta ƙasa. Ni nake ɗauko mata kujerar kowace sallah in ina gida. Da kunnena na ji ta tana addu'a tana cewa Allah ya yafe mata kwaɗayin ido. Ta goge duk hotunan da ta ɗauka. Ta ce wa babbar 'yarmu Ummi, "Kada ki zama mai son gani irina." In baƙi suka zo cewa take, "Da ba Alhaji ne a kan sitiyari ba, da gawarmu za a kawo. Har iska ya rage wa tayoyi saboda taka-tsantsan." Ta manta ita ce ta ce mu juya, ko kuma ta zaɓi ta manta, ban sani ba. Rannan ina ɗaura mata takalmi ta ce, "Ka yafe mini, na ja maka wahala." Ku gaya mini, wane irin namiji ne zai ji wannan ya ce "ba komai"? Ni na ce.

Juma'ar da ta wuce wani matashin likita da na sayar wa mota ya kawo amaryarsa gaisuwa. Ana cikin shan shayi ya ce su ma Jojiya za su hutu. Hajiya ta ce, "Ku dai ku guji haibrid, shi ke nan. Sauran ku tambayi Alhaji."

Likitan ya ce, "Ai shi ya sa na zaɓi ƙarama mai fetur zalla. Alhaji, iskar tayar nawa ake ragewa? Na ji Hajiya na cewa haka ka yi."

Na dubi amaryar, yarinya ƙarama, ƙunshin biki bai gama fita daga ƙafarta ba. Sai na ji bakina ya riga ni. Na ce, "Likita, kada ka taɓa iskar taya. Kada ka kashe komai a jikin mota. Ƙanƙara ba ruwanta da fetur ko haibrid, taya take tambaya. Ka karɓi mai tayoyin sanyi, ka karɓi sarƙa, in an ce ga direba ka ɗauka. Ka sauko da wuri, ka sauko a hankali. Duk abin da mai hayar ya gaya maka, ka yi shi."

Ya yi dariya ya ce, "Ikon Allah! Yau dillali ne ke cewa a yarda da dillali?"

Kowa ya yi dariya, ban da Hajiya.

Bayan sun tafi tana tattara kofuna da hannu ɗaya, ɗayan yana kan sanda, ba ta dube ni ba ta ce, "Alhaji, tsohon nan da ya riƙe maka hannu. Mu bai ba mu sarƙar ba ne?"

Daidai nan aka kira magariba. Na miƙe na ce, "Bari in ɗauko miki kujera."

Ta ce, "Bar shi. Ummi za ta ɗauko."

Yau kwana huɗu ke nan Ummi ce ke ɗaukowa. Hajiya tana gaishe ni, tana zuba mini abinci, ba ta ɗaga murya ba, ba ta sake tambaya ba. Ni mutum ne da na san lokacin da mai saye ya gano aibin mota ya yi shiru yana jiran ya ga ko zan faɗa da kaina. Irin wannan shirun ne a gidana.

Ba sunana a kasuwa nake ji ba, wannan in ya zube ya zube. Abin da ke cina shi ne, na karya mata ƙafa, in na yi magana kuma zan karya mata mijin da take jingina da shi, wanda take yabo a gaban mutane. Da me za ta tsaya? In kuwa na yi shiru, za ta ci gaba da neman gafarar zunubin da nawa ne, ko kuma ta riga ta gane, kullum tana ƙara sanin wanda take aure. In faɗa mata mu biyu ne, ko in kira yayanta ya zauna? In faɗi duka, har da takardar da na sa wa hannu, har da tuna mata cewa ita ta ce mu juya na ƙi? Iyaye mata da ke karanta wannan shafi, ku na fi so in ji. In ke ce, me za ki so ki ji daga bakinsa, kuma akwai abin da zai rage bayan kin ji?

An kusa kiran la'asar, ga kujerar can a jingine a bango ina kallon ta. Ina so in zama ni zan ɗauko mata. Don girman Allah, me zan yi?