Sun Karɓi Gyarana, Yaya

Zuwa ga Yaya Kamilu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Inna da Baba da yara. Ya shago a Gusau? An samu yanke gero lafiya a Bilbis?

Ni ƙalau nake. Sanyin ƙasar nan ne kawai, sai cin abinci ni kaɗai da har yanzu ban saba da shi ba. Wannan kada ya kai kunnen Inna.

Ka tambayi aikin da ya hana ni zuwa Sallah. Kai mai gyaran kwamfuta ne, za ka gane. Tsofaffin manhajoji suna ajiye lamba mai ɗigo a ƙananan gurabe biyu, sababbi kuwa a gurbi ɗaya mai faɗi. In suka haɗu a aiki ɗaya, sai lissafi ya rikice. Ni aka ba aikin koya wa kanel, wato uwar manhajar da ke tafiyar da na'ura, ta riƙa sauya tsari yadda kowacce take so, don kada a jefar da tsofaffin.

Gyarana na farko an dawo mini da shi a gaban kowa. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Shugabar sashenmu ta ce, "Suwaiba, kuskuren ƙarami ne, ki sake." Na sake. Ranar Talata suka karɓa, suka ƙara mini wa'adin aiki, har da hutu.

Baba ya ci gaba da sa mini albarka. Ka je gida da kanka ka faɗa wa Inna ina nan tafe kafin azumi, sannan ka ba ni labarin yadda fuskarta ta yi.

Ƙanwarka,
Suwaiba