Inna, Na Yi Wa Baba Miyar da Ba Ta Ga Wuta Ba

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah ya sa kina cikin ni'imarsa, na zo miki da labarin gida. Na san mutane ne za su karanta wannan, ba ke ba. Amma ba ni da wadda zan gaya wa sai ke.

Inna, Baba ba ya cin abinci. Zazzaɓi ya kwantar da shi a farkon bazarar nan, zazzaɓin ya tafi, cin abincin bai dawo ba. Ƙanshin daddawa yana tayar masa da zuciya. Idan na kai tuwo sai ya juya fuska bango. Kunu ya ce yana ƙona masa baki. Furar ma da kika san ba ya wuce ta, kurɓa ɗaya yake yi ya ture. Ya rame har rigarsa ta koma kamar ta aro.

Lokotoron da ke zuwa duba shi a gida ya ce idan bai fara ci da sha ba kafin ya dawo ranar Alhamis, asibiti za a kai shi a sa masa ƙarin ruwa. Tun ranar da aka fito da ke daga can Baba ya ce ba zai sake kwana a ciki ba. Kin san mijinki. Tsorona kada a ɗauke shi da ƙarfi zuciyarsa ta karye, kada kuma a bar shi ya bushe a gabana.

Ga zafin Damagaram na bana, wanda kafin hantsi duwatsun Birni sun fara huci. An ɗauke kuran ɗin lantarki, firigo ya daina sanyi ya koma akwati. Famfo ya ƙafe sai mun jira mai garuwa.

Wata malama da muke koyarwa tare a lakwal ce ta ce in gwada masa miya mai sanyi, wadda ba a ɗora ta a wuta. Wallahi sai da na ji dariyarki a kunnena. Ke da kike cewa duk abin da bai ga wuta ba rabon akuya ne. Na tuna ranar da na kawo salak daga gidan biki, kika leƙa kwanon kika ce in kai wa tunkiya, ita ce ta yi odarsa.

Duk da haka na tafi kasuwa. Na samo tumatir na lambunan Dogo, ya yi laushi amma bai lalace ba, da kokwamba, da tattasai, da ɓarin kankana, da mangwaro ɗaya nunanne. Na jiƙa su a ruwa da ɗigon jabel mai kashe ƙwayoyin cuta, na ɗauraye na sake ɗaurayewa, don idan gudawa ta kama shi a wannan hali ban san inda zan sa kaina ba. Na fere, na cire 'ya'yan kankanar, na kirɓa a ƙaramin turminki da 'yar albasa. Na tace da rariya, na matsa lemun tsami, na sa gishiri kaɗan da ɗigon man gyaɗa. Na juye a langa mai murfi, na zaunar da ita cikin ruwan randa, na rufa jiƙaƙƙen buhu. Kafin azahar ta yi sanyi har haƙori yana ji. Na ɗanɗana, Inna, ba laifi. Kar ki harare ni.

Na zuba a kofin gilashi na kai masa ɗaki, na zauna a gefe na zuba masa ido. Ya dubi kofin, ya dube ni, ya ce Allah ya yi mini albarka, in ajiye. Na fito tsakar gida na yi kuka na share.

Ina zaune bakin randa sai na tambayi kaina, yaushe na taɓa ganin Baba yana cin abinci? Ban taɓa ba. Tun muna yara akushinsa zaure kike aikawa, maƙwabta su fito da nasu a yi ciyayya. Mu dai kwano muke gani ya dawo. Mutumin da bai taɓa sa hannu a kwano shi kaɗai ba, bai taɓa tauna a gaban 'yarsa ba, shi muka rufe a ɗaki, ina zaune ina ƙirga masa loma.

Cikin 'yan ciyayyar nan saura Malam Ari baduku, wanda kullum bayan la'asar yake zuwa gaishe shi. Na tare shi a ƙofa na durƙusa na gaya masa komai. Muka kamo Baba a hankali zuwa zaure, aka shimfiɗa masa buzunsa. Na juye miyar a ƙwaryar furarki, na sa ludayi biyu, na dire a tsakaninsu, na koma bayan ƙyaure inda ba za su gan ni ba.

Na ji Malam Ari yana tambaya wai ina tuwon, ko an fara rowa a gidan nan. Ya ce shekarunsa duka bai taɓa jin miya ta kama masa haƙori ba, ga shi kuma ba shi da haƙoran. Sai ƙarar ludayi a jikin ƙwarya. Na kasa kunne har numfashi na riƙe, amma daga bayan ƙyaure ba a gane ludayin wa ke bugawa.

Ƙwarya ta dawo tas. Na tambayi Malam Ari a hankali, ya ce alhamdu lillahi mun sha. Ya ƙi ƙarawa. Kin san su, ba a fallasa abin da aboki ya ci. Ni kuwa na san cikin Malam Ari, zai iya tashi da ƙwarya biyu shi kaɗai. Hankalina ya ƙara tashi fiye da da.

Da magariba ta gabato na kai wa Baba buta. Na sunkuya zan ajiye, sai na ga farin gemunsa ya yi ja-ja daga ƙasan leɓe, har ya gangaro. Inna, ya sha. Ban san ko nawa ba, amma ya sha. Na yi maza na fito kada ya ga fuskata.

Ban ce an tsallake ba. Alhamis tana nan tafe, kuma Malam Ari ya ce da ruwan farko ya sauka zai wuce gonarsa ta Gaffati. Yau ni ce Bahaushiyar da ke son damina tana kuma tsoron ganin hadari. Gobe da sassafe zan koma wajen mai tumatir.

Allah ya jiƙanki, ya sanyaya makwancinki, ya yafe miki kurakuranki. Allah ya ba Baba lafiya, ya bar mana shi a zaurensa tare da abokinsa. Idan lokacin haɗuwarku ya yi, Allah ya sa a Aljanna ne. Amma Inna, ki yi mini haƙuri, ba bana ba.

Taki har kullum,
'yar autarki.