Waken da Tsutsa Ba Ta Ci

Daudawa, daren Laraba

Tun ranar da mijina Malam ya shigo da sabon irin waken nan hankalina bai sake kwanciya ba. Ina kan tabarma ina karatu, jarumar littafin na gab da faɗa wa mijinta tana da ciki, ni ma ina kitsa yadda zan faɗa masa nawa. Sai ya dire ƙunshin, ya ce masana sun gyara shi, tsutsa ba ta cinsa.

Maza kaɗai malamin gona ya tara a ƙofar Maigari. Abin da ya iso mana cikin gida bai wuce "an ce ba komai" ba.

Yanzu an girbe, cikina kuma ya fito. Yau surukata Inna ta kunna min muryar wani a waya, yana rantsuwa wai waken yana ɓarar da ciki.

"Ke 'yar nan, ko da wasa kada ki kai shi baki."

Malam ya ce, "Haba Inna, to mi za mu ci? Babbar gona 'yan bindiga sun hana, wannan kaɗai muka samu."

Ban faɗa musu jiya na ci alalarsa har na ƙoshi ba. Marata na ɗan murɗawa sai gabana ya faɗi. Da a littafi ne, da tuni wani ya zo da amsa. Malamin gona kuwa ya daina zuwa tun da aka fara tare hanya.

Ranar kasuwa zan shiga motar Faskari, in tambayi malamar awon ciki da bakina.