Jinyar Iya a Hannun 'Yar Fari

Litinin, 5 ga Oktoba, 1964

Mun iso asibitin Zariya ni da Iya a motar rake. Likita ya duba, ya ce ciwon daji ne a nononta na hagu, sai an yi aiki an cire. Ban yi kuka ba sai da na fita wajen famfo.

Dole ni ce 'yar jinya. Ƙanwata Jamila tana jego, ƙanena Sa'idu namiji ne, ba ya kwana a ɗakin mata. Saura ni, 'yar fari, wadda Iya ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa yi mata magana ido da ido ba. Tun yaye aka kai ni wurin Kaka a Hunkuyi. Na yi karatu, na zama malama a Makarfi, aji guda yana miƙe min tsaye, amma a bakin uwata har yau sunana "waccan". An ce kunya ce. Ni dai haushi nake ji, kuma ga shi na rubuta.

Laraba, 7 ga Oktoba

Ba ta karɓar abinci daga hannuna. Sai na ajiye na fita, ta yi loma biyu ta rufe. Ba ta faɗin abin da take so, tunda ni za ta faɗa wa. Likita ya ce in ba ta ci ta yi ƙarfi ba, ba zai taɓa ta ba, kuma ciwon nan ba ya jiran kowa. Tsoro nake ji.

Juma'a, 9 ga Oktoba

Allah ya kawo mana Bernice! Gadonta na kusa da namu. 'Yar Kagoro ce, mijinta tela ne a Ikara. An yi mata aikin maƙoƙo, wuya duk a naɗe, amma bakin bai ji labari ba. Ta gama kallonmu ta ce, "Malama Zulai, faɗa kuka yi da tsohuwar nan?" Da na bayyana mata, ta yi dariya har sista ta leƙo. Wai daga yau ita ce gidan waya.

Haka kuwa aka yi. Iya ta dubi bango ta ce, "Barnisa, ki gaya wa waccan kunun nan ba tsamiya." Ina zaune gefen ƙafarta fa. Bernice ta juyo da dukkan jikinta, tunda wuyan ba ya juyawa, ta ce, "Malama, an ce ba tsamiya." Na ce, "Ki ce na ji." Na sake damawa, Iya ta shanye ƙoƙo guda.

Lahadi, 11 ga Oktoba

Gidan wayar nan ba ta da amana, ƙari take yi. Yau ta ce, "An ce Allah ya yi miki albarka." Iya ta yi wuf ta ce wa bango, "Ni ban ce ba!" Duk ɗakin aka kwashe da dariya, har matar ƙarshe da ba ta kula kowa. Iya ta ja mayafi, amma na ga kafaɗunta suna rawa.

Ta ci tuwo, ta ci kifin da 'yan cocin Bernice suka kawo.

Alhamis, 15 ga Oktoba

Yau aka shiga da Iya ɗakin aiki. Suna tura gadon ta kama hannun Bernice ta ce, "Ki gaya wa waccan ta riƙa cin abinci, ta rame."

Ashe tana kallona. Yaushe? Bernice ba ta isar da wannan saƙon ba, ta dai jawo ni ta zaunar a gadonta. Ni ina jan carbi, ita tana nata addu'o'in, har la'asar.

Juma'a, 16 ga Oktoba

Ta farka. Alhamdu lillahi, ta farka, har ta nemi goro!

Asabar, 24 ga Oktoba

An sallami Bernice. Na raka ta bakin titi ina murna ina jin kamar in riƙe zanenta. Ta ce, "Malama, an rufe gidan waya, sai ku yi da baki." Ita komai wasa ne.

Ni kuwa na shiga uku. Sista ta ce ba za a sallame mu ba sai na iya wanke ciwon da kaina, don a garinmu Gazara babu mai yi. In aka bar shi ya ruɓe, duk wahalar nan ta tashi a banza.

Litinin, 26 ga Oktoba

Jiya Iya ta ƙi in wanke mata ciwon. Yau ma na zo da kwanon ruwa da auduga, sista ta ja labule, Iya ta ƙanƙame zane ta juya min ƙeya. Raina ya ɓaci. Ban san lokacin da na ce, "Iya, ni ce nan. Babu Bernice, babu Jamila. Ba zan kai ki gida in binne ki saboda kunya ba."

Ban taɓa yi mata magana haka kai tsaye ba.  Ta dubi taga ta ce, "Ruwan da zafi?"

Ni ta tambaya. Ni.

Na ce da ɗumi dai. Ta rufe ido ta sassauta zanen. Ɗinkin dogo ne, har hammata. Na wanke a hankali yadda aka koya min, hawaye yana ɗiga a gwiwata, sista ta ce hannuna ya fi na wasu masu farin kaya.

Asabar, 31 ga Oktoba

Ashe Iya akwai surutu! Bayan labule kawai, kuma idonta a rufe. Ta ba ni labarin duk matan Gazara, wadda miyarta ba gishiri da wadda ke aron turmi ba ta mayarwa. Wai ranar da aka tafi da ni Hunkuyi ta ce za ta itace, ta bi jakin da aka ɗora ni daga nesa har rafi. Ta faɗa kamar labarin wata. Na ci gaba da naɗa bandeji.

Da an buɗe labule kuma shiru, kamar ba mu san juna ba.

Laraba, 4 ga Nuwamba

Sa'idu ya zo da mazarƙwaila. Ya ce mutanen unguwa sun yi gayya sun cire mata gyaɗarta tas. Iya ta raba mazarƙwailar gado gado.

An ce ta riƙa tafiya da yatsu a jikin bango don hannun ya saki. Tana yi tana zagin bangon.

Litinin, 9 ga Nuwamba

Sallama! Likita ya ce abin da ya gani ya cire, wanda bai gani ba ba zai yi alkawari ba, mu dawo bayan wata uku. Na karɓa da hannu biyu. Watan jiya ko wannan ban sa rai ba.

Lahadi, 22 ga Nuwamba

Gazara. Gida cike da 'yan sannu kullum, kaji har sun yi mana yawa. Jiya Iya ta ɗaga hannu ta ɗaura kallabinta da kanta, mata suka rangaɗa guɗa. Ina shigowa da kwanon fura ta kau da kai, ta ja mayafi, kamar ba ita ba. Wata tsohuwa ta ce, "To, Iya ta warke!" Na tsaya ina jiran haushin nan nawa ya taso. Na daɗe ina jira. Ƙarshe na ajiye kwanon na sunkuyar da kai na fita, wai ni ma kunya.

Na aika wa hedimasta zan ƙara mako guda, na ce saboda wankin ciwo. Ciwon dai ya kame tun ranar Laraba, ko bandeji ba ya so. Ni ban faɗa ba, ita ma ba ta faɗa ba. Da hantsi in na ɗauki kwano na nufi ɗakinta na saki labule, sai in tarar har ta zauna ta rufe ido, ta fara daga inda ta tsaya jiya.

Gobe ma zan ɗora ruwan.