Katin Mai Ɗaukar Itace

Karaye,
Jihar Kano.

Zuwa ga uwar Na'ima,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Zubair da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya tsare ku daga fitinar Legas. Mu nan alhamdu lillahi, sai ciwon gwiwar da kika sani. An cire masara, dawa ma ta kusa. Ƙanenki Muhammad ya koma makaranta Zariya, gwaggonki ta Fulatan kuma ta zo ta ɗan kwana ta koma wurin shanunsu. Jibo, direban da ke kai shanu Kudu, shi zai miƙa miki wannan tare da kuka da daddawa. Na ɗauki biro ne domin kin ce a daina kiran ki ranar Lahadi, sauran ranaku kuwa kina asibiti a kan marasa lafiya.

Na ga hotunan da kika turo mini a waya, na kuma saurari saƙon muryarki. Kin ce wata abokiyar aikinki tana da katuna masu zane, ta baza su a kife lokacin hutu, kika zari biyu. Na farko mutum ne ya rungumo sanduna goma, ta ce miki kaya sun yi miki yawa. Na biyu tsoho ne shi kaɗai da fitila, ta ce kina bukatar lokacin kanki. Shi ne kika yanke shawarar kashe waya duk Lahadi. Kika ƙara da cewa ba duba ba ne, ba ya faɗin gaibu, tunani kawai yake sa mutum ya yi.

To, ki buɗe kunne. Duba sunansa duba, ko da ƙasa aka buga, ko da wuri, ko da takarda mai sheƙi daga Turai. Na je wurin malamarmu ta Islamiyya na ce 'yar wata ƙawata ce, don ban iya cewa tawa ce ba. Ta tuna mini hadisin wanda ya je wurin boka ya tambaye shi, da abin da zai sami sallarsa har kwana arba'in. Na ce an ce tunani kawai ake yi da shi. Ta ce in tunani ake nema, me ya sa ake kife katin a zara a makance? Marigayi mahaifinki Malam Ilu ya zaunar da ke a kan tabarma ya koya miki addu'ar istihara tun kina firamare. Ki yi istigfari, kada ki sake miƙa hannu, ko da wasa.

Duk da haka na kalli hoton, na yi a'uzu na buɗa shi da yatsu biyu. Na yi sakandare, na karanta Turancin da ke ƙasansa, amma ba rubutun ne ya tsayar da ni ba. Wanda ya zana mutumin nan bai taɓa zuwa itace ba. Ya rungume sandunan a ƙirji, babu igiya, babu gammo, ya cusa fuska a ciki ko hanya ba ya gani. Muna 'yan mata a Fulatan mun ɗauki abin da ya ninka wannan. Ɗaurewa ake yi, a naɗa gammo, a kira wata ta ɗora miki, in kin iso gida wata ta sauke miki. Ban taɓa ganin wadda ta zare ice ta yar a hanya don ya yi nauyi ba. Ke kuwa kin duba sandunanki goma, aikin asibiti da miji da yara da dangi, kika rasa wadda za ki yar sai wayar uwarki.

Tsohon nan mai fitila kuwa, ba sai an zaro mini shi a kati ba, na san shi. In lokacin kai kike nema, ki zo Karaye ki ɗiba, ya cika gidan nan har zaure. Tukunyar da nake yi muku tuwo tana kife a ɗakin ajiya, yanzu 'yar ƙarama nake ɗorawa, ita ma sai tuwon ya kwana. Jiya mai kifin dam ya yi sallama, na saya, na gyara, na soya, sannan na tuna ke ce mai son kan kifi, Muhammad kuma mai son wutsiya, na aika wa Rahmatu maƙwabciya da shi duka. Ina barin rediyo a kunne ko ba na saurare. Akuyar nan mai kunne ɗaya har faɗa nake yi mata kamar mutum. Ran Lahadi kuwa tun hantsi nake sa waya a caji a shagon Musbahu, in kawo ta in ajiye a gefen darduma. Har yanzu ina yi, don hannuna ya saba.

Akwai maganarki ɗaya da ba zan musa ba. Kin ce duk sanda muka yi waya sai na ɗora miki wani abu: ki kira Kawu ki yi masa ta'aziyya, ki tambayi likita maganin hawan jinin wance, ki nema wa 'yar wane aiki. Haka ne. Amma ke da kika tashi a gidan nan, ba ki gane ba? Ke ce 'yar farina. Yadda aka raine mu, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, balle ta buɗi baki ta ce tana kewarsa. Kakarki ce ta goye ki, ni daga nesa nake kallo. Kafin ki haihu, “ke” nake ce miki. To in na gaishe ki, na tambayi yara, me ya rage mini in faɗa kafin ki ce sai an jima? Shi ya sa nake tara saƙonnin mutane tun daga Litinin. Hawan jinin wance bai dame ni kamar yadda kike zato ba. In kina bayanin magani, muryarki nake saurare.

Saboda haka ga abin da na yanke. Daga yau babu saƙon kowa da zai bi ta kaina ya same ki, mai bukata ya nemi lambarki da kansa. Ki yi barcinki ran Lahadi, ki huta, ban hana ba, jiki yana da hakki. Amma bayan la'asar ki kunna wayar. Ba sai kin yi magana ba in kin gaji. Ki ajiye ta a gefe kina yi wa Na'ima kitso, in ji kuna faɗa a kan matsefi, ya ishe ni. Idan kuma kayan sun yi miki nauyi, ki faɗa mini ni, ba kati ba. Ban tsufa da sauke wa 'yata kaya ba.

Ki gaishe da Zubair, ki ce ina godiya da haƙurinsa. Ki shafa mini kan Na'ima da Abubakar Sadiq, ki ce kakarsu ta ajiye musu gyaɗa. Rahmatu tana gaishe ki, gwaggonki ma haka.

Na daɗe riƙe da biron nan kafin wannan layin. Bakina ba zai iya ba, amma ba a ce hannu ma kada ya rubuta ba. Ummukulthum, ki kira ni ran Lahadi.

Wassalam,
Mahaifiyarki,
Khadijatu