Hukuncin Zaure a Kan Girkin Sadiƙu

Ƙanwata Hajiya Balki,

Gaisuwa mai nauyin buhun shinkafar Bakalori. Ina lafiyarki, da maigida, da yara, da sanyin Jos?

Littafin hotunan da kika aiko ya tayar da shari'a. Autana Sadiƙu ya ƙaurace wa madafa tun da yaran unguwa suka gan shi yana girki suka yi masa dariya. Jiya ya ga hoton namiji yana tuƙa tuwo a cikin littafin, ya tambaye ni: "Baba, shi ma wanga ana yi mai dariya?"

Na gyara hula, na zartar da hukunci: "Shayin da iyayensu ke sha a bakin tasha, ba namiji ke dafa shi ba?"

Yau ya soya mini ƙwai. Gishiri ya zarce ƙa'ida, amma alƙali ya cinye tas.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida Inna.

Yayanki Bello,
Talata Mafara